Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Gwamnonin Jihohi: Kafin Ku Aza Tubalin Gidan Yari na Jiha

Masu Girma Gwamnoni,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranku ya daɗe.

A watan Maris na 2023, shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a kan gyaran kundin tsarin mulki wanda ya cire harkar gidajen yari daga jerin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke da iko a kansu, ya mayar da ita cikin jerin da jihohi ma ke da ta cewa. Tun daga ranar, majalisar dokokin kowace jiha tana iya yin dokar kafa hukumar gyaran halinta, ta gina gidajenta, ta ɗauki gandirobobinta. Gyara ne da ya dace, domin ministocin cikin gida sun sha faɗa cewa kusan kashi 90 cikin 100 na mutanen da ke tsare, dokar jiha ake zarginsu da karyawa. Kotun jiha ce ta tura su, ma'aikatar shari'ar jiha ce ke riƙe da fayil ɗinsu, amma tarayya ce ke ciyar da su da gadinsu. Wanda ke cika ɗakin daban, wanda ke biyan kuɗin ɗakin daban, shi ya sa babu wanda cunkoson ke yi wa ciwo a aljihu.

Abin da ya sa muka rubuto muku shi ne, duk lokacin da aka ta da wannan magana, abin da ake fara tambaya shi ne fili nawa za a yanka da kuma wa za a ba kwangilar katanga. Muna roƙonku ku ajiye wannan tukuna. Gini shi ne abu na ƙarshe a wannan aiki, kuma jihar da ta fara da shi za ta cika sabon gidan kafin fentinsa ya koɗe.

Ga lissafin da ya kamata kowane kwamishinan shari'a ya riƙe a kansa. Yawan mutanen da ke cikin gidan yari shi ne yawan waɗanda ake kawowa, a ninka da tsawon zaman da kowane ke yi. A ce ana kawo mutum 100 a wata, kowane kuma yana yin wata 12 kafin shari'arsa ta ƙare: gidan zai riƙa ɗauke da mutum 1,200. In aka rage zaman ya koma wata 4, ko da ba a rage kame ko ɗaya ba, mutum 400 za a samu a ciki. A 'yan shekarun nan adadin waɗanda ke tsare a faɗin Najeriya yana kai-komo a wajen dubu 80, kuma kusan biyu cikin kowane uku ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. Ke nan cunkoson da kuke gani a kurkuku, a kotu da ofishin lauyoyin gwamnati aka haife shi.

Bari mu bi sawun fayil ɗaya, domin a nan ne mutane ke ɓacewa. 'Yan sanda sun kama mutum bisa zargin fashi da makami ko kisan kai. Kotun majistare ba ta da hurumin sauraron irin wannan ƙara, amma can ake kai shi, a karɓi takardar tsarewa, a wuce da shi gidan yari "kafin shawarar lauyan gwamnati ta fito". Daga nan sai ɗan sandan da ya yi bincike ya yi kwafin fayil, ya kai wa ma'aikatar shari'a, lauya ya karanta ya ce ko akwai hujjar gurfanarwa a babbar kotu ko babu. A kowace gaɓa akwai inda ake tuntuɓe. Babu kuɗin kwafin takardu, sai fayil ya kwanta a ofishin 'yan sanda. An yi wa ɗan sandan canjin wurin aiki zuwa wata jiha, ya tafi bai miƙa wa kowa ba. Fayil ya isa ma'aikata, amma babu rahoton likita ko bayanin shaidu, sai a mayar da shi. Wani lokaci ma shawarar ta fito cewa babu laifi a sake shi, amma takardar ba ta taɓa isa kotun da ta tsare shi ba, shi kuwa yana can yana ƙirga shekaru. A gefe guda majistare na sabunta takardar tsarewa wata bayan wata, sau da yawa ba tare da an kawo mutumin gabansa ba.

Doka ta riga ta toshe waɗannan ramuka, aiwatarwa ce ta rage. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, wadda jihohi suka yi nasu kwatankwacinta, ta ce umarnin tsarewa na farko kada ya wuce kwana 14, ana iya ƙara wasu 14 in an kawo dalili, daga nan kotu ta nemi hukuma ta zo ta faɗi abin da zai hana a saki mutumin. Ta ba Antoni Janar kwana 14 daga ranar da fayil ya shigo hannunsa ya fitar da shawara. Ta ce majistare ya riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sanda na yankinsa duk wata, ya duba waɗanda ke tsare, ya ba da beli inda ya dace. Ta kuma wajabta wa hukumar gidajen yari ta riƙa aika jerin sunayen duk wanda ya wuce kwana 180 yana jiran shari'a, duk bayan kwana 90. Sashe na 35 na tsarin mulki kuwa ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu mai hurumi a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Ku sa a kawo muku dokar jiharku, a buɗe waɗannan sassa, a tambayi kowane ofishi yaushe rabon da ya cika nasa.

Aikin farko, tun kafin a rubuta ƙudirin doka, shi ne ƙidaya ta gaskiya. A haɗa tawaga da ta ƙunshi lauyan ma'aikatar shari'a, magatakardan kotu, ɗan sanda daga sashen shari'a, jami'in rajista na gidan yari da lauyan Hukumar Ba da Agajin Shari'a. Su shiga ɗaki-ɗaki, su ga kowane mutum da idonsu, kada su tsaya kan abin da littafi ya ce. A kan kowane mutum a rubuta ranar da aka kama shi, ranar da aka kawo shi, kotun da ta tura shi, laifin da ke kan takarda, ranar da ya je kotu ta ƙarshe, ranar zama na gaba, inda fayil ɗinsa yake a yau, da ko an ba shi beli ya kasa cika sharuɗɗa. A ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. In an gama, mutanen za su rabu da kansu. Za a ga waɗanda suka zauna fiye da iyakar ɗaurin da za a yi musu ko da an same su da laifi. Waɗannan Babban Jojin jiha yana da ikon sallamarsu nan take a ƙarƙashin dokar sakin tsararru ta 1977. Za a ga waɗanda fayil ɗinsu ya ɓace ɗungum, kuma sashe na 211 na tsarin mulki ya ba Antoni Janar ikon janye ƙara. Za a ga masu tara ko diyya ƙarama da suka kasa biya. A watan Nuwamba na 2023 ma'aikatar cikin gida ta tara naira miliyan 585 ta biya wa mutum 4,068 irin wannan tara aka sake su, wato kusan naira dubu 144 a kan kowane mutum, kuɗin da bai kai na ciyar da shi na wata bakwai ba. Za kuma a ga waɗanda rikicin bashi ko na ciniki ya kawo su, an lulluɓe shi da sunan zamba, alhali doka ta hana kama mutum kan rikicin da ba na laifi ba, ta kuma hana kama wani a madadin ɗan'uwansa.

Sharuɗɗan beli na buƙatar umarni daga Babban Joji. Idan aka ce wanda ake zargi da satar waya ya kawo babban ma'aikacin gwamnati ko mai takardar mallakar gida a cikin birni ya tsaya masa, an hana shi beli ne da sunan an ba shi. Mai unguwa, limami, shugaban ƙungiyar sana'arsa ko ɗan'uwa mai tabbataccen adireshi sun isa su tsaya wa mai ƙaramin laifi.

Akwai kuma abin da ake rainawa, shi ne mota. Shari'u da yawa ana ɗage su ne don kawai ba a kawo wanda ake tuhuma ba, domin gidan yari ɗaya na iya hidimar kotuna masu yawa a ƙananan hukumomi da dama da motar fursuna ɗaya ko biyu, man ma wani lokaci babu. Ko yau, ba tare da kun gina komai ba, jiha na iya sayen motoci, ta ware kuɗin mai da gyara a kasafin kuɗi a ƙarƙashin layi mai suna, ta kuma kafa ɗakin zaman kotu a harabar manyan gidajen yari don ƙananan ƙararraki da sauraron beli.

Dokar Hukumar Gyaran Hali ta 2019, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar gidajen yari ta 1972, ta raba aikin gida biyu: na tsarewa da na hukuncin da ba ɗauri ba. Ɓangare na biyun ne ya fi arha, kuma shi ne aka fi yin watsi da shi. Alƙali na iya yanke wa mai ƙaramin laifi hukuncin yi wa al'umma aiki, ko ɗaurin talala, ko sulhu da biyan diyya ga wanda aka cuta. Amma alƙalai ba sa son yin haka in sun san babu wanda zai bi sawu, kuma suna da gaskiya. Sai an sami jami'i a kowace kotu, da jerin wuraren aiki da aka amince da su, kamar asibiti, kasuwa, makaranta ko sharar magudanan ruwa, da takardar sa hannu ta kullum, da rahoton da zai koma wa alƙali in mutum ya tsere. Jami'i ɗaya da babur zai iya kula da mutane da dama waɗanda da a ce an ɗaure su, da kowane sai an ciyar da shi sau uku a rana.

To, in bayan duk wannan lissafi ya nuna akwai buƙatar gini, ga abin da muke so ku sani. Ɗaukar gida ba a ƙirga ta da yawan tabarmin da za a iya shimfiɗawa. Ma'aunin da Ƙungiyar Red Cross ta duniya ke ba da shawara shi ne aƙalla murabba'in mita 3.4 ga kowane mutum a ɗakin haɗaka, 5.4 a ɗakin mutum ɗaya, masai ɗaya ga mutum 25, ruwa kuma lita 10 zuwa 15 ga kowane mutum a rana, wannan ma mafi ƙaranci ne. Gidan mutum 1,000 ke nan yana buƙatar murabba'in mita 3,400 na wurin kwana kaɗai, masai 40, da ruwa lita 15,000 kullum, banda na asibiti. A haƙa rijiyar burtsatse biyu, kada ɗaya, a sa tankin da zai riƙe ruwan aƙalla yini guda, domin ranar da famfo ya lalace a gidan da ke rufe da mutum dubu, kafin kwana biyu amai da gudawa ya shigo. Ramin bahaya da sokawe a auna su da adadin mutanen da za su zauna a zahiri. Yawancin tsofaffin gidajen da ke ambaliyar ƙazanta a yau, an haƙa ramukansu ne don mutanen da ba su kai yawan waɗanda ke ciki yanzu ba. Tagogi su kasance a bango biyu masu fuskantar juna don iska ta ratsa, faɗinsu kada ya gaza kashi ɗaya cikin goma na faɗin ɗakin. Ɗan kwangila zai so ya rage taga da sunan tsaro. Kada a yarda, ƙarfe ne ke tsare taga, ƙanƙantarta tarin fuka kawai take haifarwa.

Wurin da za a yi ginin ma abin dubawa ne. A watan Afrilu na 2024 ruwan sama ya rusa katangar gidan yarin Suleja, tsohon gini tun zamanin Turawa, fiye da mutum 100 suka fita. A watan Satumba na shekarar, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ambaliya ta ci katangar gidan yarin Maiduguri, fiye da mutum 270 suka tsere. Waɗannan ba hari aka kawo ba, ruwa ne. Inda aka kawo hari kuwa, kamar Owerri a Afrilun 2021 da fiye da mutum 1,800 suka gudu, da Kuje a Yulin 2022, abin da ya bayyana shi ne an haɗa manyan masu laifi da ƙanana a gidan da ba a gina shi don irinsu ba. Shawararmu ita ce jiha ta fara da gidaje masu matsakaici da ƙaramin tsaro, da gonakin fursuna, ta bar wa tarayya waɗanda ake tuhuma da ta'addanci, a rubuta yarjejeniya kan wa ke riƙe wa, kuma wa ke biyan nawa. A guji kwari da bakin kogi, a kuma guji kai gidan can cikin daji nesa da kotu da asibiti, don duk kilomita da aka ƙara, an ƙara kuɗin mai da haɗarin hanya, an kuma yanke wa iyalai ziyara.

Kuɗin gini sau ɗaya ake biya, na gudanarwa kuwa kullum ne. Kuɗin ciyarwa na tarayya ya kasance naira 750 ga mutum a rana, aka ɗaga shi zuwa 1,125. Ko a wannan adadin, wanda kowa ya san bai isa ba, gidan mutum 1,000 zai ci fiye da naira miliyan 410 a shekara a abinci kaɗai. Kuma abin da ke isa kwanon fursuna bai kai haka ba, domin a ciki ake cire haraji, ribar ɗan kwangila da kuɗin makamashin girki. Idan gwamnati ta yi wata shida ba ta biya ɗan kwangila ba, ba daina kawo abinci yake yi ba, rage awo yake yi, sai a fara ganin kumburin ƙafa da ramewa. Maganin wannan shi ne sikeli a ƙofar sito, jami'in lafiya ya sa hannu kan abin da aka auna kullum, a riƙa auna nauyin fursunoni duk wata, a kuma biya ɗan kwangila a kan lokaci bisa adadin mutanen da aka ƙirga da safe.

Ma'aikata ma haka. Wurin gadi ɗaya da ake so a tsare dare da rana yana cin kusan mutum biyar, in aka lissafa canjin aiki uku, hutun mako, hutun shekara da rashin lafiya. Jihar da ta ɗauki gandirobobi ta hanyar rabon gurabe ga 'yan siyasa, ta ba su horon mako biyu, ta riƙa jinkirta albashinsu, ta buɗe kasuwar waya da ƙwaya a cikin gidan da hannunta. Inda ma'aikata suka yi ƙaranci, fursunoni masu ƙarfi ne ke mulkin ɗaki, su sayar da wurin kwana kusa da taga, su karɓi haraji daga sabon shiga.

A ƙofar shiga ake kare lafiyar gida. Kowane sabon zuwa jami'in lafiya ya duba shi a ranar: tari, zazzaɓi, ƙazwa, raunuka, taɓin hankali, da gwajin ciki ga mata. Mai tarin da ya kai mako biyu a ware shi, a aika majinarsa gwaji. Maganin tarin fuka kyauta ne kuma wata shida ake sha, amma in aka sallami mutum ko aka canja masa gida a wata na uku ba tare da takardar ci gaba da magani ba, an ƙirƙiro tarin da ba ya jin magani an sake shi cikin gari. Dokar 2019 ta ba shugaban gida ikon ƙin karɓar wanda aka kawo da mummunan rauni, ko mai taɓin hankali, ko yaro. Ku sa wannan a dokarku. Yara kuwa, gidajen horon matasa na tarayya uku ne kacal, a Kaduna, Ilorin da Abeokuta, shi ya sa ake ƙara wa yaro shekaru a takarda don a sami inda za a ajiye shi. In akwai ginin da ya cancanci a fara da shi, to gidan yara ne, sai na mata mai ma'aikata mata da wurin renon jarirai.

Akwai tanadi ɗaya a sashe na 12 na dokar 2019 da muke roƙon kada ku bar shi a baya. Ya ce in gida ya cika ya wuce ƙima, Kwanturolan gidajen yari na jiha ya sanar da Babban Joji, Antoni Janar da kwamitin afuwa cikin mako ɗaya, su kuma su ɗauki mataki cikin wata uku, in ba haka ba gidan na da ikon daina karɓar sababbi. Ba Najeriya kaɗai ke fama da wannan ba. A Amurka, inda jihohi ne ke riƙe da mafi yawan fursunoni, sai da Kotun Ƙoli a 2011 ta tilasta wa jihar Kalifoniya rage cunkoson gidajenta zuwa kashi 137.5 cikin 100 na abin da aka gina su don ɗauka, bayan ta gano cunkoson ya hana marasa lafiya samun magani har ana mutuwa. Jiha ce mai arziki, ta kuma gina gidaje da yawa, amma ginin bai cece ta ba. Sashen na 12 ya kuma ba Babban Joji damar mayar da hukuncin kisa zuwa ɗaurin rai da rai ga wanda ya ƙare ɗaukaka ƙara ya kuma yi shekara 10 yana jira. Fiye da mutum 3,000 ne ke zaune da hukuncin kisa a kansu a ƙasar nan, kuma sashe na 212 na tsarin mulki ya ba ku ikon afuwa da sassauci bayan shawarar kwamiti. Ku sa kwamitin ya riƙa zama a kan ƙa'ida rubutacciya, ba sai ranar biki kaɗai ba.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya fi damun mu, kuma za mu faɗe shi kai tsaye, ranku ya daɗe. Wannan ba shi ne karon farko da hukumomin da ke ƙasa da gwamnatin tarayya suka riƙe kurkuku ba. Sunan "gidan yari" kansa daga sarautar Yari ya samo asali, mai kula da kurkukun sarki, kuma En'e, wato hukumar gargajiya, ta riƙe gidajenta har zuwa 1968 da aka haɗe su a hannun tarayya. Cikin dalilan haɗewar akwai yadda aka yi amfani da su wajen ɗaure 'yan adawa a Jamhuriya ta Farko, abin da dattawan da suka ga zamanin jam'iyyar adawa ta NEPU ba su manta ba. Gwamnan da ke naɗa shugaban gidan yari, yake da Antoni Janar, yake kuma da tasiri a kan ƙananan kotuna, ya tara iko mai haɗari, ko da shi mutumin kirki ne, domin ba shi zai dawwama a kujerar ba. Saboda haka dokar jiha ta haramta karɓar kowa ba tare da takardar kotu mai sa hannu da ranar dawowa ba, ta sa hukunci a kan jami'in da ya karɓa. Ta ba shugaban hukumar wa'adi tsayayye wanda ba za a cire shi ba sai da amincewar majalisa. Ta buɗe ƙofa ga alƙalai, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da ƙungiyar lauyoyi su shiga ba tare da sanarwa ba. Ta ɗauki ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015 da ake kira Dokokin Mandela, waɗanda suka hana kulle mutum shi kaɗai fiye da kwana 15 a jere, suka wajabta aƙalla awa ɗaya a sarari kullum, suka ce a raba mai jiran shari'a da wanda aka yanke wa hukunci. Duk mutuwar da ta faru a ciki a sanar da iyali da kotu, likitan da ba ma'aikacin gidan ba ya duba gawar. Adadin mutanen da ke kowane gida, da yawan masu jiran shari'a a cikinsu da tsawon zamansu, a riƙa buga shi duk wata inda kowa zai gani.

Muna roƙon a fara ƙidayar nan cikin wannan zangon, a kuma miƙa sakamakonta ga majalisar dokokin jiha kafin a kai mata ƙudirin gini.

Allah Ya yi muku jagora. Wassalam.

Daga wasu masu aiki a fannin shari'a, lafiya da gyaran hali.